Ranar Kife Randa

Mu 'yan Zongon Kwatano ba mu san wutar jin ɗumi ba. Garin da gumi ke bin bayanka tun kana alwalar asuba, wa zai hura wuta don sanyi? Wutarmu ta sana'a ce. Kakata ta wajen uba, Kaka Dije, ƙuli-ƙuli take yi, kuma da an sallame magariba sai ta ɗora kaskonta a murhu a tsakar gida, ta zuba rairayi, ta fara suyar gyaɗar gobe. Mu jikoki aikinmu murje ɓawo. Ladanmu tatsuniya, da 'yar gyaɗar da kan ɓace tsakanin faifai da baki. In sauro ya taso daga bakin ruwa ya dame mu, sai ta jefa busasshen ɓawon lemo a wuta, hayaƙin ya kore shi, mu kuma ya sa mu hawaye.

Kaka 'yar ƙasar Kabi ce. Ta biyo kakanmu bakin teku tun tana da ƙuruciya, ta binne shi a nan, ta ga hawa da saukar gwamnatoci, amma harshenta bai taɓa barin gida ba. Ni tana kirana ƙawata. Ƙanena Sani kuwa angonta ne, kullum tana masa gorin bai taɓa saya mata ko sabulu ba. Babanmu shi ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Da yake tela ne, sai ta laƙaba masa “wanga mai keke”. Ko magana za ta yi masa, yana zaune tana zaune, sai ta dube ni ta ce, “Ƙawata, hwaɗa ma wanga mai keke tuwo na hucewa.” Ni kuma in juya in faɗa masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Haushin wannan aike nake ji ƙwarai a lokacin.

Tatsuniyarta ba ta tafiya a miƙe. Sai an kai inda numfashinka ya tsaya, sannan za ta tuna itace ya kusa cinyewa, ko ta ce a ɗebo mata taba. Ni kuma Allah ya yi ni da tambaya. Sauran yara su ji labari su yi dariya su wuce, ni sai na ji wa ya gani da idonsa, wane gari ne, yanzu ina jikokin mutanen suke. Takan ce da ita ce ke raɗa suna, da Tambaya ta sa mini, ba Bilki ba.

Akwai wata al'ada tata da ban gani a gidan kowa ba a Zongo. In watan Babbar Salla ya zo ƙarshe, shekara za ta juya a shiga watan Cika-ciki, sai ta sa a kwashe ruwan randunan gidan kaf, a kankare cikinsu da soso, a kife su a rana. Ranar nan ba a ajiye ko ɗigon ruwan sha a gidanmu. Mai jin ƙishi ya ɗauki moɗa ya shiga maƙwabta ya roƙa. Sai bayan magariba take turara randunan, a zuba sabon ruwa. Ni na tsani ranar nan. Ga famfo a bakin layi, amma a ce sai ka tsaya a ƙofar mutane, ƙawayenka na leƙe suna cewa, “Ga 'yan gidan kife randa sun zo.”

Shekarar da nake son ba da labari, ƙarshen shekararmu ya zo daf da ƙarshen shekarar Nasara, kamar sun yi alkawari. Ina 'yar firamare lokacin. Zamanin juyin juya hali ne. Kullum da safe a lakwal, wato makarantar boko, mu jeru mu ɗaga hannu muna rera kirarin da rabinsa ba mu san ma'anarsa ba, malaminmu ma aka ce mu riƙa ce masa kamarad. Da na gaya wa Kaka ma'anar kalmar, sai ta riƙe haɓa ta ce, “To, in malami ya zama aboki, wa za shi yi bulalar?” Kowace unguwa aka kafa mata kwamiti, kowane yanki ya ba da wakili. Dattawan layinmu suka duba suka ga Baba ya ɗan taɓa lakwal, yana jin Faransanci, ga shi da haƙurin damo, sai suka tura shi. Aka daina ce masa Isa Tela, aka koma Dalage, wato wakili da Faransanci. Ni har tafiyata sai da ta canza don alfahari.

Ashe gaskiyar masu magana ce da suka ce babba juji ne. Da farko ƙananan abubuwa ake kawo masa shago: kwatar wane ta toshe, akuyar wance ta ci garin wance. Sannu a hankali manya suka biyo baya. Wannan ya zo ya raɗa masa cewa maƙwabcinsa na tsallakar da kaya zuwa Najeriya ba ta hannun 'yan duwan, wato kwastan, ba. Washegari maƙwabcin ya zo ya raɗa masa cewa shi mai raɗar yana ɓoye da ɗan'uwa marar takarda. Wani ya zagi gwamnati a kan dakali, kafin yamma rahoto ya iso ta hanyoyi daban-daban, kowa na roƙon kada a ce shi ya faɗa. Can sama kuma, bini-bini a kira shi biro, wato ofishin manya, a tambaye shi me ke gudana a layinsa. Ya ce lafiya lau, a bi shi da kallon ba mu yarda ba. Duk wannan daga baya na haɗa shi, daga bakin mahaifiyata. Abin da na gani da idona a lokacin shi ne Baba ya daina dariya.

Ga shi watan ɗinki ne. Mutanen gari kowa na son sabon kaya na bikin ƙarshen shekara, atamfofi sun cika shago har sun malalo barandar gida. Baba ya daina barci. Ya ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, abin da ko yaron shago ba zai yi ba. Yana taka keke leɓensa na motsi, kai ka ce yana ba wani amsa ne da mu ba ma gani. Ran nan Sani ya taɓa almakashinsa, sai ji muka yi tas, ya kwaɗa masa mari. Mutumin da ko kaza ba ya kora da ƙarfi! Sani bai ma yi kuka ba don mamaki. Baba ne ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Da ya dawo, a gaban kowa ya ce wa mahaifiyata, “Maman Bilki, na gaji. Ranar taron ƙarshen shekara zan miƙe a gaban manya in faɗi duk abin da aka zuba mini, da sunan kowa. Kowa ya ɗauki kayansa, ni in samu in yi barci.”

Muciya ta kuɓuce daga hannun Mama. Ko ni da nake yarinya na san abin da hakan ke nufi. A zamanin nan, wanda aka ambaci sunansa a irin wannan taro, jandarma ke zuwa masa sallama, kuma ba kowa ke dawowa da wuri ba. Mutanen nan kuwa iyayen ƙawayena ne, da su ake salla sahu ɗaya, su suka zauna a sunan Sani. Bayan haka ina za mu sa fuskarmu a Zongo? Mama ta yi roƙo, ta yi kuka. Liman ya zo har gida ya tuna masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Baba ya ce, “Allah gafarta Malam, nawa ya cika, ko tuwon ba ya shiga.” Taro saura 'yan kwanaki. Kaka dai gyaɗarta kawai take soyawa.

Jajibirin kife randa, bayan magariba, muna kewaye da murhu kamar kullum. Baba ya jawo kekensa baranda yana ƙarasa wata riga a hasken fitila, ya ba mu baya. Ni da ranar gobe ke cin raina, na ce, “Kaka, wai don Allah me randunan nan suka yi miki? Ruwan ciki garau yake. Me ya sa sai mun zubar mun je muna roƙo?”

Ba ni ta duba ba. Bayan Baba ta duba, sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. “Ƙawata, kin cika bincike kamar ɗan duwan. To, ga wata nan tahe, ta sha hanya.”

Muka amsa yadda ta koya mana, “Ta shigo, akwai tabarma.”

Wai a wani gari mai nisa da gulbi an yi wata mata, ana ce mata Ta-Allah. Tana da randa a ƙofar gida, ƙarƙashin ceɗiya, ruwanta sanyi gare shi har haƙori ke amsawa. Duk mai wucewa sai ya ratse ya sha: manomi, mahauci, mai shelar gari, matan da suka dawo daga itace. To ka san ɗan Adam, in ya sha ruwan sanyi ya samu inuwa, sai bakinsa ya buɗe. Wannan ya faɗi abin da matarsa ta yi masa, wannan ta faɗi inda ta ɓoye abin da ta tsinta, wancan ya faɗi wanda ya tsana. Ta-Allah ba ta da tsegumi. Ta ji, ta ce Allah ya kyauta, shi ke nan. Abin da ba ta sani ba, duk maganar da aka yi a bakin randar ciki take faɗawa, ta nutse, ta kwanta a ƙasa kamar laka. Ita kuma ba ta taɓa barin randar ta ƙare ba. Da ruwa ya yi rabi sai ta ƙara sabo a kai, don tsoron kada wani ya zo da ƙishi ya tarar babu.

Sani ya ce, “Magana tana da nauyi ne, har za ta nutse?”

Kaka ta ce, “Angona, bari ka girma ka ɗauki guda ka ji.”

Ana nan, ana nan, laka na hawa, wurin ruwa na raguwa, har wata shekara moɗa ta fara taɓo ƙasa. Ranar da abin ya ɓaci, mai shela ne ya fara sha. Ya je tsakiyar gari ya buga kuge, jama'a suka taru, sai ya rangaɗa, “Wayyo ni, mijina minshari gare shi kamar ana jan turmi!” Maganar matar mahauci ce ta fito ta bakinsa. Mahauci ya sha, ya buɗe baki zai yi tallan nama, sai ya ce shi ya saci akuyar maƙeri, alhali ko kamarta bai sani ba. Amarya ta sha, ta durƙusa gaban surukarta, ta gaishe ta da zagin da wani ya yi wa jakinsa bara. Kaka tana kwaikwayon muryar kowa, mu kuma muna birgima, har Mama da ke wanke-wanke sai da ta dara. Amma a garin Ta-Allah ba dariya ake yi ba. Kafin rana ta faɗi wa na neman ƙane da sanda, kowa na jin asirinsa a bakin wani.

Ta-Allah ta gane daga randarta ne. Ta ɗauke ta niƙi-niƙi za ta zubar. Ta ɗiga kaɗan a tsakar gida, kaji suka sha, suka bi gida-gida suna kai rahoto. Ta je gindin ceɗiya, ceɗiya ta ce, “Rufa mini asiri, tsuntsaye ke kwana a kaina, kin kuwa san bakinsu.” Ta je rijiya, rijiya ta ce, “Abin da kika ba ni yau, gobe da safe guga zai mayar wa gari.” Ta yi ta yawo da kaya, wuya kamar ya karye, har ta ce bari kawai ta kai kasuwa ta fasa randar a tsakiya, kowa ya tsinci nasa, ita ta huta.

A daidai nan ƙarar keken Baba ta tsaya. Bai juyo ba, amma ƙafarsa ta daina takawa.

Kaka ta juya gyaɗa, ta gyara itace, ta ja mana rai son ranta, sannan ta ci gaba. Wai a hanyar kasuwa Ta-Allah ta ratsa ta wani busasshen rafi, sai rairayi ya yi mata magana. Ya ce, “Baiwar Allah, sauke nan. Ni sha nake yi, ba na mayarwa.” Ta tuntsurar da randar, baƙin ruwa ya malala yana surutai da muryoyin mutanen gari, rairayi ya shanye tas, wuri ya yi tsit. Za ta koma ta cika randa, rairayi ya ce a'a, kife ta ta sha rana wuni guda. Ta ce, “To in na ji ƙishi fa?” Ya ce, “Ke da kika shayar da gari, yau gari ya shayar da ke.” Kaka ta ce wannan ya fi yi wa Ta-Allah wuya fiye da ɗaukar randar, ta tsaya a ƙofar wani da moɗa a hannu ta ce a sam mata. Amma ta daure ta yi. Tun daga nan, duk ƙarshen shekara sai ta kife randa, ko da ta ga ruwan garau ne.

“Nan ta tsaya,” in ji Kaka. “Wanda ya ga ƙarya ciki shi tsince ta, shi ba kaji.”

Tambayoyi cike da bakina, amma Baba ya riga ni. Daga inda yake, ba tare da ya juyo ba, ya ce, “Inna, garin nan duk rairayi ne, amma ban ga wanda ba ya mayarwa ba.”

Kaka ta dube ni. “Ƙawata, hwaɗa ma wanga mai keke, ni tsohuwa ce. Yaren Nasaran ga da suke yi a biro, ko kalma guda ban ji. Gobe kuwa ina gida.”

Na juya zan isar da saƙo, sai na ga Baba ya dafe kai da hannu biyu, na rasa ta inda zan fara. Ban gane komai ba. Me ya haɗa Faransanci da randa?

Washegari kafin hantsi an kankare randuna an kife. Kaka ta tura Mama unguwar Laji wajen 'yar'uwarta, wai tun da ruwa ya shiga musu ɗaki da damina ba wanda ya je jaje daga gidanmu. Mu 'yan lakwal kuwa, da yake muna hutu, ni da Sani da 'ya'yan masu haya, duk wanda ya iya ko gaisuwa da Faransanci, ta ba kowa moɗa. Ta ce mu tafi can ƙarshen layi gidan Maman Kosi mai sayar da kifi, mu sha ruwa, mu taya ta korar kuliyoyi, kada ta ga ƙeyarmu sai azahar.

Ni kuwa in tambaya na cikina ba na iya zama. Na sha ruwan, na cika moɗa, na ce zan kai wa Kaka. Tun daga ƙofar gida na jiyo murya. Baba ne, yana Faransanci da ƙarfi, ba irin namu na lakwal ba, wani mai gudu kamar an ɓalle famfo. Na leƙa. Yana kai da komo tsakanin kifaffun randuna, ba hula, yana nuna gabas yana nuna yamma. Wani lokaci ya canza murya yana kwaikwayon wani, wani lokaci ya bugi ƙirji. Kaka na zaune a tabarma, faifai a cinya, tana tsintar gyaɗa. Duk inda ya ja numfashi sai ta ce, “To.” Ya ƙara zubowa, ta ce, “Allah sarki.” Ya yi shiru, ta ce, “Sai kuma mi?” Sai ya ɗora.

Can muryarsa ta karye. Ya durƙusa a gabanta, ya kifa kai a bakin tabarma yana kuka irin na yara, har da shessheƙa. Ban taɓa sanin manya na da irin wannan kuka ba, tsoro da tausayi suka kama ni lokaci guda. Kaka ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma daina tsinta ba. Ta dai ɗago ido ta gan ni, ta yi mini wani kallo da ya sa na tsinci kaina a ƙarshen layi ban san yadda na je ba. Ban fahimci ko jimla ɗaya daga abin da ya faɗa ba, ruwan moɗar kuma a zanena ya ƙare.

Da muka dawo da azahar, Baba na kwance a baranda, a ƙasa, kansa a kan tulin atamfofin mutane, yana barci baki buɗe. Masu kaya suka yi ta sallama. Kaka ta zauna a ƙofa da muciya a hannu, duk wanda ya zo ta ce, “Tela ba shi nan.” Wata mata ta ce ai ga ƙafarsa can tana gani. Kaka ta ce, “Ƙahwar ce ke nan, shi ya tahi.”

Sai gab da magariba ya farka, ya rama sallolinsa, ya ce ƙishi yake ji. Sabon ruwa bai shiga randa ba tukuna. Kaka ta miƙo mini moɗa ta ce in ba wanga mai keke, ai ya san hanya. Na bi shi a baya. Dalage guda, da moɗa a hannu, ya yi sallama a gidan maƙwabcinmu Alhaji Mamman, ya ce a sam masa ruwa. Alhajin da kansa ya ɗebo, yana satar kallon fuskar Baba, don shi ma labarin abin da Baba ya ce zai yi ya kai masa. Baba ya shanye, ya goge baki ya ce, “Alhamdu lillahi. Ruwanku ya fi namu sanyi, Alhaji.” Suka zauna a dakali suna hirar sauro har aka kira salla.

Ranar taro Mama ta kasa cin abinci. Layin ya yi tsit, masu rediyo ma sun rage murya. Baba ya sa farar rigarsa ya tafi, ya dawo kafin la'asar da rake a hannu. Mama ta tare shi a ƙofa. Ya ce, “Na yi magana. Na ce kwatar layinmu ta toshe, sauro zai cinye mu. Na kuma ce aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a ƙara mini mataimaki ko a canza ni.” Mama ta zauna a ƙasa daɓas, tana dariya tana hawaye. Ba a kama kowa ba. Kwatar ma ba a gyara ba, amma wannan wani labarin ne.

Da aka gama bikin Nasara ya rufe shago, ya cire igiyar keken ya rataye a ƙusa, ya kwashe mu zuwa bakin teku a Fijirose. Ya saya mana kwakwa, ya nannaɗe wando, ya bar Sani ya binne masa ƙafafu har gwiwa. Bai ba shi haƙuri da baki ba, iyayen lokacin ba sa yi. Amma a wuya ya ɗauko shi har gida.

Yau ni ma na yi jikoki. Aikin jinya na yi har na ajiye, kuma duk wanda ya yi aikin nan ya san majinyaci ba ciwonsa kaɗai yake miƙa maka ba. Na ga abokan aiki da suka yi ta ƙara sabon ruwa a kan tsoho, shekara bayan shekara, har wata rana su zazzage wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ni ma na sha kaiwa bakin haka. Yanzu kowa na da shawara a kan hutun ƙarshen shekara, a yi tafiya, a kashe waya, a yi barci. Duk na gwada, kuma ba laifi. Amma na lura in ban fara zubar da na ƙasan ba, da shi nake tafiyar, da shi nake dawowa. Don haka in shekara ta zo ƙarewa nakan nemi wanda zan amayar wa abin da ke raina, wanda na san ba zai kai shi ko'ina ba, sannan in wuni ban tsinana wa kowa komai ba. Barin wani ya yi mini hidima ne har gobe nake jin nauyinsa, ina yi ina harara.

Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne Kaka kanta. Mace ta yi shekara da shekaru tana kai ƙuli ƙofar ofisoshin unguwar Ganhi, tana ciniki da akawuna, a ce ba ta tsinci komai ba? Sai da na shiga makarantar jinya, lokacin tsufa ya kwantar da ita, wata rana ina matsa mata ƙafa, na samu ƙarfin halin tambaya. Na ce, “Kaka, ranar nan da Baba ya yi miki Faransanci, tsakaninki da Allah, ba ki ji komai ba?”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. “Har yau ba ki bari ba? Yaren ban ji ba, ƙawata. Ban san wa ya yi mi ba.” Sannan ta ce, “Amma sunan mutum ba shi da Hwaransanci. Mamman dai Mamman ne. Kuma ina ganin yadda huskatai ke yi in ya kai ga kowane suna.”

Na ce, “Ashe kin san su duka.”

“Duka.”

“To ke wa kika faɗa wa?”

Ta ce in koma ɗaya ƙafar, wannan ta isa.

Ashe barcin da Baba ya yi ran nan, wani ne ya riƙe masa kayan. Na zauna ina tuno mutanen layinmu, waɗanda take aikena da ƙuli gidajensu, waɗanda take zuwa wa barka da ta'aziyya, waɗanda ke durƙusawa su gaishe ta kowace safiya ta amsa tana tambayar iyalinsu ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai waɗanda suka kusa haukata mata ɗa, kuma ta san su.

Ta ƙara watanni a kwance, layin kaf suna zuwa dubiya. Ni kuwa na zauna a gefen gado na sa mata ido, ko zan ga ta rage wa wani fara'a, ko ta gajarta masa gaisuwa, in gane yana ciki. Har ta rasu ban kama ko mutum ɗaya ba.